Farfesa da Muryar Manaja

Tun yana firamare muke ce masa Farfesa, saboda ba ya iya wuce takarda a ƙasa sai ya tsuguna ya karanta, ko da ta naɗin sabulu ce. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, don haka in na ce zan ba da labarinsa ba mai ce min ban isa ba. Abu ɗaya yake nema a duniyar nan tun da ya gama jami'a, aiki na dindindin mai kujera da sunan muƙami, wanda in maƙwabta sun tambayi Baba, "Ina ɗan naka yake aiki?" zai daina cewa, "Yana nan yana fafutuka."

Ranar da ya ce Turanci zai karanta, Baba ya rage muryar rediyonsa ya dube shi ta saman ido.

"Turanci kuma? Wanda kake damunmu da shi a gidan nan bai isa ba?"

Kawu yana wurin. Ba a gayyace shi maganar ba, amma ba a taɓa yin magana a gidanmu ba shi ba. Ya ce, "A ƙasar masu abin, yaro ɗan shekara uku yana yin sa kyauta, ko gargada ba ya yi. Kai kuma sai ka je ka ɓata shekaru a kansa."

Farfesa ya gyara zaman tabaraunsa ya shiga bayani, wai ba koyon yare ba ne, ilimin rubutu ne da adabi da sarrafa magana. Ya ɗaga hannu yana lissafa musu da yatsu: gidan jarida, gidan rediyo, kamfanin buga littattafai, fassara, hulɗa da jama'a. Baba ya bari sai da yatsun suka ƙare, sannan ya ce, "In an tattara su duka dai malamin makaranta ke nan." Farfesa ya rantse ba zai taɓa riƙe alli ba. Ni kuwa na goyi bayansa, har na yi wa Kawu rashin kunya a ranar, Inna ta kore ni ɗaki.

Ya gama da sakamako mai kyau, wannan kam ba a ja. Daga nan yatsun nan suka soma lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya. Gidan jarida suka ɗauke shi gwaji, suka yi ta buga rubutunsa ba suna, rannan ya je da safe ya tarar ana sauke allonsu, an ba da hayar wurin ga mai sayar da tayil. A gidan rediyo aka sa shi ya karanta labarai a wani ɗan ɗaki mai soso a bango, da ya fito aka ce Turancinsa tsaf yake amma muryarsa ba ta da kauri. Kamfanin buga littattafan da ya yi ta yi wa sintiri, ashe kalanda da katin gayyata kawai suke bugawa. Ƙarshe dai allin da ya rantse a kansa ya riƙe, a wata makarantar kuɗi da ke bayan tasha. An ɗauke shi Turanci, kafin zango ya ƙare an ƙara masa lissafi da kiwon lafiya da kaɗa ƙararrawa. Ranar da mai makarantar ya ce ya ƙara da rakiyar yara a motar makaranta, ya ajiye allin ya taho gida. Kawu dariya kawai ya yi, kuma na fi son ya zage shi da wannan dariyar.

Ni a lokacin ina karɓar baƙi a wani kamfanin katifa. Teburina yana bakin ƙofa, da waya guda biyu, da fanka mai ƙara, ga warin sabon soso da gam yana shigowa daga ma'aikata duk sanda aka buɗe ƙofar baya. Na yi ta roƙo har aka ɗauki Farfesa ma'aikacin wucin gadi. Aka ba shi wani lungu kusa da injin kwafi, da kwamfutar da sai an dake ta a gefe take tashi. Mai digiri a Turanci, yana jera takardun direbobi yana danna musu ƙusa.

Manajanmu mutum ne da ya san aikinsa. Ya danna katifa da babban yatsa zai gaya maka shekara nawa za ta yi. Amma a miƙa masa makirufo, sai ka tausaya masa. Gumi ya karyo, numfashi ya ƙare masa a tsakiyar jimla, doguwar kalma ta tsaya masa a wuya kamar ƙwayar magani. A taron dillalai na wata shekara ya haɗa shafi biyu ya juya bai sani ba, ya ci gaba da karatu, mutane suna sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Da ya dawo ofis ya wurgar da takardar a kan teburina.

"An ce ƙanen nan naki Turanci ya karanta?"

"Eh, yallaɓai."

"Turo min shi."

Da wani ne, da sai ya zauna ya zuba manyan kalmomi don a san ya yi jami'a. Farfesa bai rubuta ko harafi ba sai da ya yi kwanaki yana bin Manaja da kunne. Ya saurare shi yana faɗa da direbobi, yana ciniki a waya, yana tsokanar masinja. Ya gane iya inda numfashinsa yake kaiwa, da kalmomin da harshensa yake tuntuɓe a kansu. Sannan ya ɗinka masa jawabi daidai jikinsa, kamar yadda tela yake yi wa mai ƙaton ciki riga. Gajerun jimloli. Farko tambaya, wadda ba wanda ya zata. Bayan tambayar a yi shiru, a cire tabarau, a dubi mutanen layin baya. Daga nan jimla uku, ta ukun ta zama tsokanar kai. Har inda zai kurɓi ruwa sai da ya sa masa alama da jan biro.

Kuma ba ya miƙa jawabi sai ya gwada shi a jikinsa. A ɗakinsa, gaban madubin durowa, zai tsaya ya yi tambayar, ya yi shirun, ya cire nasa tabarau ya dubi labule kamar mutane ne. In numfashinsa ya wuce na Manaja sai ya koma ya datse jimlar. Inna takan leƙo ta ce, "Yaron nan lafiya kuwa? Da wa yake magana?" Ni ce nake zama masa layin baya, a bakin gado, ina gaya masa inda na yi dariya da inda na yi hamma.

A taron dillalai na gaba Manaja ya miƙe, ya riƙe makirufo, ya ce da Turanci, "A cikinku wa ya yi barci mai daɗi jiya?" Ya yi shiru. Ya cire tabarau. Zauren ya yi tsit, sai kuma aka fashe da dariya, da ya gama aka tashi tsaye ana tafi. Ina bayan zaure wajen teburin ruwa, ƙanena yana gefena riƙe da kwalin kalanda, leɓensa yana motsi tare da na Manaja.

Washegari Manaja ya kira mu mu biyu ya rufe ƙofa. Ya ce, "Wannan magana tsakaninmu ce. Ba na son in ji ta a bakin kowa, ko a gida." Sannan ya dafa kafaɗar Farfesa. "Kai kuma ka kwantar da hankalinka. Babban ofis suna maganar buɗe kujerar jami'in hulɗa da jama'a. Ranar da ta fito, taka ce."

Muka fito kamar an yi mana albishir da gida. Kai, ni har rawa na taka a bayan teburina.

Kujerar nan ta yi ta fitowa ba ta fito ba, shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Shi kuwa Manaja sunansa ya tafi. Makarantu suna kiransa ranar rabon kyaututtuka, ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta taro sai da shi, har ta kai ma'aikatanmu in suna wasa a wajen cin abinci sai wani ya miƙe ya yi tambaya ya cire tabarau na ƙarya, a yi ta dariya ana cewa, "Manaja ke nan!" Kowane jawabi daga lungun injin kwafi yake fitowa. Wani lokaci ana saura kaɗan a tashi aiki za a aiko, gobe da safe ake so, Farfesa ya kwashi kayansa ya tafi gaban madubi.

Abin da ya fi ci min rai a gidanmu ya faru. Wata ranar hutu gidan rediyo suka sa jawabin Manaja na wani taron ɗalibai. Baba ya ƙara murya, ya kira Farfesa.

"Zo ka ji mai gidanku. Ni ba duka nake ganewa ba, amma ka ji magana tana zama daram. Wannan shi ne ya iya Turanci, kuma na tabbata ba shi ya karanta ba."

Kawu ya ce, "Soso ya karanta. Ka ga inda soso ya kai shi."

Na buɗe baki, wallahi maganar ta zo min har kan harshe. Farfesa ya taka min ƙafa da ƙarfi, yana murmushi yana cewa, "Gaskiya ne, Baba, ya iya." Na tashi na shige kicin na yi ta buga tukwane ba dalili. Ya biyo ni yana raɗa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Saura kaɗan. In kujerar ta fito ai kowa zai gani."

"Kai dai ka cika sanyi. Mutum yana cin guminka kana ce masa sannu."

"To in na faɗa, ni da ke duka korar mu za a yi daga aiki. Kin manta?"

Ban manta ba. Shi ya sa na yi shiru, kuma shirun yana ƙona ni.

Ana nan sai ga sanarwa a allon ofis, kujera ta fito. Amma babban ofis suka ce ba naɗi za a yi ba, ganawa za a yi da masu nema, na ciki da na waje. Farfesa ya je wurin Manaja, Manaja ya ce, "Ai ina cikin masu zaman. Me kake tsoro?" Inna ta sa aka wanke masa kwat ɗin da ya yi bikin gama jami'a da ita, hannun ya ɗan ɗage amma ta shiga. Baba da kansa ya goge masa takalmi, abin da ban taɓa gani ba, yana gogewa yana cewa ai ba don komai ba ne, hannunsa ne ba ya son zama.

Ɗakin taronmu yana jikin teburina, rabin bangon katako ne rabin gilashi, don haka ko ban so ba ina ji ina gani. Mutum uku suka zauna: wata mata shugabar sashen ma'aikata daga babban ofis, wani dattijo mai furfura da ya zo tare da ita, sai Manaja a gefe yana wasa da makullin mota. Masu nema suka yi ta shiga suna fita. Wata ta haddace amsoshi ta manta rabi. Wani ya yi ta zuba Turanci kamar an kunna famfo, ba a san inda ya dosa ba. Na ce a raina, yau dai Allah ya kawo mu.

Farfesa ya shiga. Tambayoyin farko ya amsa su tsaf, matar tana gyaɗa kai tana rubutu. Sai ta ajiye biro ta ce, "To, ga ɗalibai sun zo ziyara ma'aikatarku, kai ne za ka tarbe su. Tashi ka yi musu magana, ba shiri."

Ya miƙe. Na ga kafaɗunsa sun saki, don an zo inda ya fi ƙarfi. Ya dubi bangon ɗakin ya ce, "A cikinku wa ya taɓa tambayar kansa, me ke cikin abin da yake kwana a kai?" Ya yi shiru. Hannunsa ya tafi ya cire tabarau, ya dubi layin bayan da babu shi. Ya kawo jimla ta ɗaya, ta biyu, a ta uku ya tsokani kansa da cewa shi ma sai da ya zo kamfanin ya san ba auduga ba ce. Magana ce mai kyau, ko maƙiyinsa zai ce mai kyau ce, kuma a take ya ƙirƙire ta.

Dattijon ne ya fara dariya. Matar ta rufe baki da hannu, ta juya ta dubi Manaja, ta sake duban Farfesa.

"Kai, amma ka iya kwaikwayo! Har cire tabarau ɗin?"

Farfesa ya tsaya da tabarau a hannu. "Ranki ya daɗe?"

"Mun sha jin mai gidanka a taro, ai ba yau muka fara ba. Wannan salonsa ne tun daga tambayar har shirun." Ta daina dariya ta gyara zama. "Ka ga, ba laifi ba ne yaro ya koya a wurin babba. Amma kujerar nan ta mai magana da yawun kamfani ce. Ba za mu tura mutum gaban jama'a yana kwaikwayon manajansa ba, dariya za a yi mana. Muna son mai muryar kansa."

Ƙanena ya juya ya dubi Manaja. Ni ma ta gilashi shi nake kallo, na miƙe tsaye ban sani ba, waya tana ta ƙara a gabana ban ɗauka ba. Kalma ɗaya ake nema a wurinsa. Ba sai ya tona kansa duka ba, ko cewa ya yi, "Tare muke shirya jawaban nan," ya wadatar.

Manaja ya ajiye makullin, ya yi gyaran murya, ya yi murmushi irin na manya.

"Yaron yana da ƙoƙari," in ji shi. "Kusa da ni yake zama, dole ya ɗauki wani abu. A hankali zai samu nasa."

Haba! Na kama hannun ƙofar ɗakin taron, na rantse da na murɗa. Sai Farfesa ya hango ni ta gilashi, ya girgiza min kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Ya mayar da tabaraunsa, ya yi musu godiya, ya fito ya wuce ni ya koma lungunsa. Jim kaɗan na ji injin kwafi ya tashi.

Wani daga waje aka ba, mai kaurin murya da faɗin kafaɗa. Ba ni da abin cewa a kansa, bai yi mana komai ba. A gida Farfesa ya ce wa Baba an ɗauki wanda ya fi shi. Baba ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ya tashi ya shiga ɗaki, ranar ko rediyo bai kunna ba. Kawu ma, da bakinsa ba ya mutuwa, ruwa kawai ya sha ya tafi.

Ana gobe sabon jami'in zai kama aiki, da yamma an kusa tashi, Manaja ya fito da jakarsa ya tsaya a bakin lungun injin kwafi. Bai dubi inda nake ba.

"Farfesa, gobe za mu ɗan yi taron tarbar sabon jami'i. Ka shirya min 'yar magana, kar ta yi tsawo. Ka sa abin dariya kaɗan."

"To, yallaɓai."

Yana fita na zagayo teburina na tsaya a kansa. Ofis ya watse, sai mai shara can ciki yana jan kujeru.

"In ka rubuta jawabin nan ban yafe maka goyon da na yi maka ba. Ka bar shi ya tashi gobe ya yi da bakinsa, kowa ya ji abin da ke ciki. Su kore mu, sai me? Mutuwa za mu yi?"

Bai ɗago ba. Ya daki kwamfutar a gefe, ta tashi.

"Kana jina kuwa? Akwai wasu kamfanonin. Ka je ka yi ganawa inda ba a taɓa jin sa ba."

"Ina ne ba a taɓa jin sa ba, Yaya? Har rediyo na kai shi."

"To ka canza salo! Ba kai ka ƙirƙiro wannan ba? Ka yi magana irin taka."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ƙalau take.

"Na gwada. Tun ranar ganawar nan kullum sai na tsaya gaban madubi. Duk ta inda na faro, shi nake ji." Ya ture kujerarsa baya. "Yaya, ke kin san ni tun ina rarrafe. Kafin in zo wurin nan, yaya nake magana?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, don ni ba a tambayata in rasa ta cewa. Na nemo shi yana yaro yana karanta takardar sabulu, na nemo shi yana lissafa wa Baba ayyuka da yatsu. Ina ganin bakinsa yana motsi, amma muryar da take fitowa ta Manaja ce. Na tsaya riƙe da jakata kamar wata sakarya.

Ya jira ni kaɗan. Da ya ga ba abin da zai fito, ya jawo kujerarsa gaba ya fara bugawa.